Masu Lalube Wuya: Tarihin Hannun da Ke Duba Marar Lafiya Daga Zugu Zuwa Kpébié

Shekara shida na yi ina gabatar da shirin kiwon lafiya da Hausa a wani gidan rediyo a nan Parakou, garin da mu 'yan zango muke kira Faraku, amma sai da 'yata ta kusa cikawa a hannuna sannan na san tafin hannun yaro yana magana.

Shekararta biyu a lokacin, damina ta yi tsaka. Zazzaɓi ya kama ta ranar Talata, muka kai ta wani ɗan ɗakin shan magani da ke bayan layinmu a unguwar Kpébié. Saurayin da muka tarar cikin farar riga bai ko tashi daga kujerarsa ba. Ya tambayi uwarta, "Jikin da zafi?" Ta ce da zafi. Ya ce zazzaɓin sauro ne, ya haɗa allura ya yi mata, ya ƙulla mana ƙwayoyi a leda, muka biya jaka huɗu muka fito. Kwana uku muna komawa, kullum allura, kullum kuɗi. Hannunsa bai taɓa sauka a jikinta ba sai wurin da zai tsira allurar.

Daren Jumma'a ta ƙi karɓar ko da ruwa. Uwarta ta ruga ta buga ƙofar maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin asibiti, wanda duk unguwa ke kira Baba Majo. Ya shigo da tocila a hannu, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Ɗana, haska mini nan," in ji shi.

Ya buɗe tafin hannun yarinyar, ya ɗora shi kusa da na uwarta. Na uwar jajir, nata fari kamar an wanke shi da toka. Ya ja fatar ƙasan idonta ya duba. Ya ɗaga rigarta, ya kwance agogonsa, ya ce kowa ya yi shiru. Minti guda cur yana kallon ƙirjinta yana motsa leɓe. Sannan ya sa yatsu a ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu ya danna a hankali.

"Numfashi hamsin da shida. Mai shekarunta in ya kai arba'in an fara damuwa. Saifa ta kumbura, jini ya ƙare. Ka tada babur yanzu, babban asibiti za ku, kada ka jira asuba."

"Baba, ko a ƙara mata wata allurar tukuna?"

"Jini take nema, ɗana. Ba a sayar da shi a leda."

A asibiti awon jini ya tabbatar da maganarsa. Aka yi mata ƙarin jini kafin kiran sallar farko, Allah ya yi da sauran kwananta. Yanzu tana aji biyu a firamare.

Bayan mako guda na kai wa Baba goro na gode masa, na tambaye shi inda ya koyi abin da ya yi cikin minti biyar ba tare da na'ura ko ɗaya ba. Ya yi dariya ya ce, "Wurin masu lalube wuya." Gabana ya faɗi, domin na san sunan. Kakata, haifaffiyar Zugu, garin da taswira ke rubutawa Djougou, da shi take tsoratar da mu muna yara in mun ƙi shiga gida da magariba. Daga ranar na shiga bin sawun waɗannan mutane, kuma abin da na tsinto shi ne na kawo wa 'yan uwa a wannan rubutu.

Wuyan da fatake suka sani

Zugu da Faraku garuruwan zango ne tun kafin Bature. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato su nufi Gwanja ta nan suke ratsawa, su yada zango a Nikki ko Faraku, su wuce Zugu, su kama hanyar Salaga. Kakanninmu da yawa haka suka zo suka zauna. Hanyar tana ƙetare rafuka masu duhuwar itatuwa, mazaunin ƙudan tsando, wanda cizonsa ke kawo sammore ga dabba, ciwon barci kuma ga ɗan Adam.

Ciwon tsoho ne a ƙasashen nan. Ibn Khaldun ya kawo labarin Sarkin Mali Mari Jata na biyu, wanda ya rasu wajen 1373 bayan barci ya yi ta rinjayarsa har ba ya iya farkawa sai da ƙyar. A 1803 wani likita Baturen Ingila mai suna Thomas Winterbottom, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya rubuta cewa masu wannan ciwo sukan yi kaluluwa a bayan wuya. Ya ƙara da wani abu mai ɗaci: dillalan bayi sun riga shi sanin alamar. Sukan shafa wuyan wanda aka kawo sayarwa, in sun ji kaluluwa su ƙi saye. Har yau littattafan likitanci da sunan Winterbottom suke kiran wannan alama, alhali ido da hannun mutanen ƙasar ne suka fara gano ta.

Mu ma a gida ba mu rasa masu duba jiki ba. Ungozoma ta san kwanciyar ɗa a ciki da tafin hannunta. Maɗori yana bin ƙashi da yatsa har ya gano inda ya karye. Wanzami ya san ƙurjin da ya nuna da wanda bai isa sakiya ba. Hausawa kuma suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Su ma Turawa ba da daɗewa suka tsara nasu ba. A 1761 Auenbrugger na birnin Biyana ya bayyana yadda ake ƙwanƙwasa ƙirji a gane ko ruwa ya taru a ciki. A 1816 Laennec na Faris ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata mata, daga nan aka samu abin sauraron ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya.

Likitan Bature bai isa ba

Faransa ta mallaki Borgu a ƙarshen shekarun 1890. A 1905 Gwamna Janar Ernest Roume ya kafa hukumar kula da lafiyar 'yan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, wadda aka sani da AMI a taƙaice. A takarda, magani kyauta ne ga kowa. A ƙasa kuwa likitocin soja ne 'yan ƙalilan, kowanne da yanki mai faɗin da doki zai yi makonni bai zagaye ba, ga shi ba ya jin Batonu, ba ya jin Dandanci, ba ya jin Hausa. Likitan da bai ji abin da marar lafiya ke faɗa ba ya rasa rabin aikinsa tun kafin ya fara.

Dole ta sa aka nemi mataimaka. Da farko 'yan share ɗaki da masu ɗaurin miki ne ake koya wa aiki a bakin gado. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe likitoci, sai a 1918 aka buɗe makarantar likitanci a Dakar a ƙarƙashin Aristide Le Dantec. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu, mafi yawan lokacinsa a ɗakin marasa lafiya, ya fito da muƙamin mataimakin likita. Daga baya aka sauya sunan zuwa "likitan Afirka". Kafin a rufe wannan tsari a farkon shekarun 1950, makarantar ta yaye irin waɗannan likitoci sama da ɗari biyar, ban da ungozomomi da masu haɗa magani, kuma 'yan Dahome suna da yawa a cikinsu.

Doka ta ajiye su a ƙarƙashin Bature komai ƙwarewarsu. Albashinsu bai kai nasa ba, takardarsu ba ta aiki a Faransa. Amma su ne a daji, su ke karɓar haihuwar da ta gardama, su ke fiɗa in ta kama, su ke jin kukan talaka da harshensa. Shi ya sa da siyasa ta buɗe bayan 1945 aka same su a sahun gaba. Félix Houphouët-Boigny ya fito daga makarantar Dakar a 1925, kuma dokar da ta soke aikin tilas a Afrilun 1946 sunansa take ɗauke da shi. Émile Derlin Zinsou, wanda ya shugabanci Dahome daga 1968 zuwa 1969, shi ma ɗan makarantar ne. A ɓangaren Ingilishi ma haka aka yi, domin makarantar Yaba da aka buɗe a Legas a 1930 mataimakan likita ta fara yayewa.

Sai dai likitan Dakar ma a babban gari yake zama. Wanda mutumin ƙauyen Zugu ya fara gani da idonsa wani ne daban.

Ayarin Jamot

Eugène Jamot likitan sojan Faransa ne, an haife shi a 1879. A Kamaru ya yi suna, a garin Ayos, inda ciwon barci ke share ƙauyuka. Tunaninsa mai sauƙi ne: mai ciwon barci ba zai zo asibiti ba sai ya riga ya lalace, saboda haka asibitin ne zai tashi ya je wurinsa, kuma kowa za a duba, mai ciwo da mai lafiya. Wannan aiki ya fi ƙarfin likitoci, sai ya ɗebi samari masu ɗan karatun firamare ya koya wa kowanne abu guda har ya gwanance a kai.

A 1932 aka turo shi Wagadugu. Cikin shekara uku ayarinsa suka bankaɗo masu ciwon dubun dubata a yankunan da rahoton hukuma ke cewa lafiya lau. Ɗaya daga cikin wuraren da cutar ta yi katutu shi ne yankin Pagouda a arewacin Togo, wanda ya malalo ta iyaka zuwa ƙasar Zugu da duwatsun Atakora. Jamot ya koma gida da ɓacin rai, ya rasu a 1937. A 1939 aka kafa hukuma ta musamman ta yaƙi da ciwon barci a ƙarƙashin Gaston Muraz, hedikwatarta a Bobo Julaso, inda makarantar horar da malaman aikin ta ɗauki sunan Jamot.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ana aika wa sarkin gari da rana. Ranar da ayari ya iso, kowa ya fito gindin bishiya, magidanci da iyalinsa, ana kira da takardar ƙidaya. Mutum na farko a layi shi ne mai lalube. Yana tsayawa ya sa yatsunsa a gefen wuya da bayansa, ya gangaro zuwa saman ƙashin kafaɗa, yana neman kaluluwa mai taushi, mai motsi a ƙarƙashin fata, wadda ba ta da zafi. A yini guda wuyan mutum ɗaruruwa ke bi ta hannunsa. Wanda aka ji wa kaluluwa sai a ware shi. Na biyu ya soka allura a cikin kaluluwar ya tsotso ɗan ruwa ya ɗiga a gilashi. Na uku yana zaune a inuwa da madubin likita, yana neman ƙwayar cutar tana wutsil-wutsil a tsakanin ƙwayoyin jiki. In an gan ta, sai a sunkuyar da mutum a ɗebi ruwan ƙashin bayansa, a ƙirga fararen ƙwayoyin da ke ciki, domin a san ko cutar tana jini ne kawai ko ta haura ƙwaƙwalwa. Amsar ita ke nuna maganin da za a ba shi da yawan allurar da zai sha. Na ƙarshe shi ne mai rubutu, wanda ke ba shi kati ya shigar da sunansa a littafi.

Abin lura a nan shi ne allura ita ce ta ƙarshe a layin. Kafin a kai gare ta an taɓa, an duba, an ƙirga, an rubuta. Kuma duk aikin yana rataye ne a kan yatsun mutumin farko. In ya tsallake kaluluwa, mai ciwo ya koma gida da cutarsa, ƙuda ya cije shi ya kai wa wani.

A 1945 aka faɗaɗa aikin ayarin ya haɗa da kuturta, da sanƙarau, da tunjere, da makantar bakin kogi. Yatsun da suka saba da wuya suka koyi neman ƙulli a kan haƙarƙari da kwatangwalo. Suka koyi shafa auduga a kan tabon fata, mutum ya rufe ido ya nuna inda aka taɓa, in bai ji ba a san kuturta ce ba ƙyasfi ba. A Nijeriya ma Ingilishi sun yi nasu yaƙin da ciwon barci, har a ƙasar Zazzau aka tashi mutanen yankin Anchau aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Abin da ya sa Kaka take tsoro

Zan yi wa tarihi ƙarya in na tsaya a yabo. Kakata ba ta taɓa kiran masu lalube wuya da alheri ba. Takan ce in an ji suna tafe, mata kan kwashi yara su shige gonar dawa, dogarai su bi su da bulala. Wanda bai fito layi ba a ci mai gidansa tara.

Tsoron yana da tushe. Mutanen Borgu da Atakora sun riga sun san wani layin, na ɗibar soja da na aikin tilas, inda shi ma ake tuɓe mutum a duba ƙirjinsa da haƙoransa. Wannan ɗibar tana cikin abin da ya tada yaƙin Bio Guéra a 1916 da na Kaba a duwatsun Atakora. Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Faraku a 1936 ma da guminsu aka shimfiɗa ta. Wanda aka taɓa jerawa aka tafi da ɗansa bai dawo ba, yaya za a ce masa wannan layin na alheri ne?

Maganin kansa yana da haɗari. Atoxyl da tryparsamide daga sinadarin arsenik aka yi su, in aka zarce awo suna kashe jijiyar ido. A yankin Bafia na Kamaru wani matashin likita ya ƙara awo da ra'ayin kansa, mutane ɗaruruwa suka makance, laifin kuma ya hau kan Jamot. A shekarun 1950 an riƙa yi wa gari guda allurar rigakafi ta Lomidine, mai ciwo da marar ciwo, kuma a Yokadouma a 1954 allurar da ta gurɓata ta kashe mutane da dama. Ɗibar ruwan ƙashin baya kuwa a bainar jama'a ake yin ta, ba a nemi yardar kowa ba.

Da na gaya wa Baba Majo maganar Kaka, bai musa ba. Ya ce, "Malamanmu sun iya taɓa jiki, ba su iya neman izini ba. Mu aka bar wa koyon wannan." Na daɗe ina juya maganar. Ciwon barci ya ja baya ƙwarai a dalilin aikinsu, wannan gaskiya ne. Gudun da wasu tsofaffinmu ke yi wa rigakafi har yau, shi ma a nan aka shuka wani sashe nasa.

Bayan tutar Faransa ta sauka

A 1960 sababbin ƙasashe suka haɗu suka kafa OCCGE domin ci gaba da yaƙi da manyan cututtuka, cibiyarta a Bobo Julaso. Likitoci na gaske suka fara fitowa, amma yawancinsu a Kwatano da Porto-Novo suka tare. Arewa ta ci gaba da dogara da malamin asibiti. A nan Faraku aka kafa makarantar ƙasa ta horar da mataimakan malaman jinya, wadda aka fi sani da ENIIAB, kuma ɗalibanta suka bazu cikin ƙananan asibitocin ƙasar. Asibitocin mishan irin na Bembèrèkè da Tanguiéta da na Zugu su ma sun horar da nasu a bakin gado. A ƙauye, majo shi ne likita, shi ne mai haɗa magani, wani lokaci shi ne ungozoma.

Baba a makarantar Faraku ya yi karatu, kuma wurin aikinsa na farko a ƙarƙashin wani tsohon ɗan ayarin Bobo aka ajiye shi. Ya ce wata uku tsohon bai bar shi ya riƙe sirinji ba. Aikinsa kawai ya zaunar da marar lafiya, ya tambaye shi, ya duba shi daga kai zuwa ƙafa, ya zo ya faɗi abin da ya gani. In ya ce "zazzaɓi ne", sai tsohon ya ce, "Zazzaɓi ba sunan cuta ba ne. Koma."

Taron Alma-Ata na 1978 ya ɗaga darajar irin waɗannan ma'aikata, ya ce lafiyar duniya a matakin farko za a gina ta. Shirin Bamako na 1987, wanda Binin tana cikin ƙasashen da suka fara aiki da shi sosai, ya kawo magani mai rahusa a ƙananan asibitoci, jama'a na saye, kuɗin na juyawa. Ya cika kantocin da a da babu komai a cikinsu. Amma a ganina ya zo da wani abu da ba a yi niyya ba: magani ya zama shi ke kawo kuɗi, duba marar lafiya kuwa ba ya kawo ko dala. Minti gudan da Baba ya ɓata yana ƙirga numfashi ba shi da layi a takardar biya.

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yaro gaba ɗayansa, wanda a ƙasashen Faransanci ake kira PCIME, Binin kuma ta ɗauke shi wajen shekarar 2000. Da na karanta takardar tsarin, sai na ga abin da Baba ya yi a kan tabarmarmu ne aka zana a jadawali.

Abin da ido da yatsa ke gani

Tsarin ya ce da farko a nemi alamun haɗari guda huɗu: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ɗaya daga ciki ta isa a tura shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

In yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti guda cikakke yana kwance lafiya, ba yana kuka ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. A kuma duba ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi. Da wannan kaɗai ake kama ciwon huhu a inda babu hoton ƙirji.

In yana gudawa, a duba ko idanu sun faɗa, a ba shi ruwa a ga yadda yake sha, a tsunkuli fatar cikinsa a saki. In ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai. A buɗe tafin hannu a nemi fari. A danna bayan ƙafafu biyu a ga ko yatsa ya bar rami. A auna damtse da ɗan tef mai launi, in bai kai milimita 115 ba tamowa ce mai tsanani. In da zazzaɓi, a gwada lanƙwasa wuya, domin muna cikin yankin sanƙarau, kuma wanda ya ga annobar 1996 ba ya mantawa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin zazzaɓin sauro sai an yi gwajin jini, gwajin da ɗigo guda ke ba da amsarsa cikin kamar minti 20.

Kafin duk wannan akwai tambaya, kuma ita ce aka fi rainawa. Yaushe ya fara? Me aka riga aka ba shi? Daga ina kuka taso? Akwai wani mai irin ciwon a gida? A 2014 zazzaɓin Lassa ya ɓulla a Tanguiéta, ma'aikatan lafiya suna cikin waɗanda ya kashe. A 2016 ya sake ɓulla a yankin Tchaourou, nan kudu da mu. A kwanakin farko babu abin da ya raba shi da zazzaɓin sauro a ido. Abin da ke sa ma'aikaci ya yi zargi har ya sa safar hannu ya keɓe marar lafiya shi ne amsar waɗannan tambayoyi.

Inda muka tsaya

Yau Faraku ba ta rasa masana ba. Jami'ar garin da aka kafa a 2001 tana yaye likitoci, asibitin jiha ya zama na koyarwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Binin ta kawar da ciwon barci daga jerin matsalolin lafiyar al'umma, aikin da masu lalube wuya suka fara shekara casa'in da suka wuce. A 2018 gwamnati ta bi ɗakunan shan magani marasa izini ta rufe da yawa. Duk da haka, wanda talaka ke fara gani in dare ya yi har yanzu mataimaki ne, wani ya yi makaranta, wani a wurin mai gidansa ya ga ana yi.

Mu ma muna da namu laifin. Nawa ne a cikinmu ke fita daga asibiti suna ƙorafi don an duba su an ce su je su sha ruwa su huta, ba a yi musu allura ba? Ni kaina na yi wannan ƙorafin. Saurayin nan na bayan layinmu abin da muke biya ya sayar mana. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun ya rufe mu duka, ni da shi, ni da nake zama gaban makirfo kowane mako ina gaya wa mutane su kwana cikin gidan sauro.

Bayan abin da ya faru na gayyaci Baba Majo cikin shirina. Ya ƙi yin lacca. Ya ce kowace uwa da ke saurare ta jawo ɗanta, ta buɗe tafin hannunsa ta ɗora kusa da nata. Sannan ya ce ta ɗaga rigarsa ta ƙirga, ni kuma in riƙe agogo. Minti guda muka yi shiru a kan iska, abin da duk malaminmu na aikin jarida ya hana. Kafin mu rufe shirin wata mata ta kira daga Zugu ta ce ita ta samu hamsin da uku, ɗanta shekararsa uku, kwana biyu yana tari. Baba ya karɓi makirfo ya ce, "'Yata, ajiye wayar, ki goya shi ki tafi asibiti yanzu. In kin je ki ce su ma su ƙirga."

Allah ya jiƙan Kaka, ya saka wa Baba da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.